Zaman Yaron Shago Ba Bauta Ba Ne: Martani Ga Mai Kiran Matasa Su Ajiye Aiki Su Kafa Kamfani

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girman alƙalaminsa, ya fitar da makala yana yi wa matasan Arewa faɗa a kan fasahar zamani. Taƙaicen maganarsa shi ne albashi bauta ce, digiri ɓata lokaci ne, kuma duk matashin da ya iya rubuta manhaja ya kamata ya ajiye aiki ko karatu ya kafa nasa kamfanin, domin masu zuba jari suna can riƙe da daloli suna neman wanda za su ba. Ya kafa hujja da Bill Gates da Mark Zuckerberg a kan barin makaranta, ya kawo cinikin Paystack don ya nuna irin ganimar da samarin Legas ke kwasa mu muna barci, sannan ya ce ko an faɗi ba abin kunya ba ne. Makalar ta zaga wayoyi sosai, har iyaye suna tura wa 'ya'yansu. Abin da ya sa na ga bai dace a bar ta ta wuce shiru ba ke nan.

Malam, ban musa maka cewa an bar mu a baya ba. Wannan ko makaho ya shafa ya ji. Inda muka rabu shi ne maganin da ka rubuta, domin misalan da ka kawo da hannunka su ne suka fi kowa ƙaryata ka.

Mu fara da Paystack ɗin. Gaskiya ne a watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Abin da ba ka faɗa wa masu karatu ba shi ne Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa shi a 2015, dukansu sun yi karatun kwamfuta a Jami'ar Babcock har suka gama. Bayan karatu Shola ya kama aikin albashi yana kula da rumbun bayanan wani babban kamfani, daga baya ya shiga rubuta wa mutane manhaja ana biyansa, har bankuna suka riƙa kiransa aiki. A cikin wannan hidimar ce ya ga irin wahalar da ɗan kasuwa ke sha kafin ya karɓi kuɗi ta intanet a Najeriya. Kusan shekara tara ce tsakanin fitarsa jami'a da kafa Paystack. Kai ka nuna wa yaranmu ranar rabon ganima, ka ɓoye musu waɗannan shekaru tara.

Akwai ma wanda ya fi Paystack kusa da mu. Shiga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ka ƙirga shuɗayen na'urorin POS da ke kan tebura, za ka gaji. Moniepoint ke nan, kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya a watan Oktoban 2024, lokacin da ya tara jarin dala miliyan 110 har da hannun Google a ciki. Bari mu bi salsalarsa, don a nan darasin yake. Mitchell Elegbe injiniya ne da ya yi aiki a ƙarƙashin wasu, ciki har da kamfanin Telnet, kafin ya kafa Interswitch a 2002, wato kamfanin da ya haɗa bankunan Najeriya har katin wannan banki ya iya cire kuɗi a injin wancan. Sai da Interswitch ya shekara 17 kafin Visa ta zuba masa kuɗin da suka kai darajarsa dala biliyan ɗaya a 2019. A cikin ma'aikatan Interswitch ɗin nan akwai Tosin Eniolorunda da Felix Ike, suna karɓar albashi wata-wata, wannan albashin da ka kira bauta. A 2015 suka fita suka kafa TeamApt. Ba su fara da neman dalar kowa ba. Manhaja suka riƙa rubuta wa bankuna, bankunan na biya, su kuma suna biyan ma'aikatansu da kuɗin. Sai a 2019 suka karɓi jarin farko mai kauri daga masu zuba jari, dala miliyan 5.5, kuma a wannan shekarar ce suka fito da Moniepoint don masu POS na bakin titi.

To me suka kwaso daga gidan ubangidansu? Sun san abin da ke faruwa a ɓoye tsakanin lokacin da aka zura kati da lokacin da alat ya shigo. Sun san yadda bankuna ke biyan junansu a ƙarshen yini, da dalilin da ya sa akan cire wa mutum kuɗi amma ba su isa wurin mai kaya ba, da tsawon lokacin da ɗan kasuwa zai iya haƙuri kafin ya jefar da na'urarka ya ɗauki ta wani. Sun san irin lasisin da Babban Banki ke nema da ƙofar da ake bi. Sun san mutane a cikin bankunan, mutanen kuma sun san su da cika alƙawari. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, manhajojin manyan bankuna da yawa suka riƙa sarƙewa saboda cunkoso, 'yan kasuwa suka yi ta komawa Moniepoint da OPay don tiransifa tana wucewa. Wannan ba sa'a ba ce. Aikin mutanen da suka shekara goma sha suna kallon inda irin wannan injin ke tsinkewa ne. Yaron da ya bar aji uku a jami'a jiya, komai basirarsa, bai taɓa ganin cikin ɗakin da ake wannan aiki ba, balle ya san abin da ya lalace a ciki.

Batun Gates da Zuckerberg kuwa, na yi mamakin yadda mai ilimi kamarka ya sake ɗauko wannan tsohuwar tatsuniya. Makarantar da suka bari Harvard ce, kuma ƙofar komawa a buɗe take gare su da abin ya ƙi. Gates ya fara taɓa kwamfuta tun 1968 yana ɗan shekara 13 a makarantar kuɗi ta Lakeside, a zamanin da manyan jami'o'i da yawa ba su ba ɗalibansu wannan dama ba. Mahaifinsa babban lauya ne, mahaifiyarsa tana zama a kwamitin wata ƙungiyar agaji tare da shugaban IBM, kamfanin da ya ba Microsoft kwangilar da ta ɗaga shi a 1980. Zuckerberg bai bar karatu don ya je neman dabara ba, sai da Facebook ya riga ya kama wuta a jami'o'in Amurka, kuma a 2004 mai zuba jari Peter Thiel ya zuba masa dala 500,000. Shi kansa Thiel, wanda a 2010 ya fito da shirin ba matasa dala 100,000 don su bar jami'a, digiri biyu gare shi daga Stanford. Jeff Bezos yana da shekara 30, yana babban muƙami a wani kamfanin hada-hadar kuɗi na New York, sannan ya tafi ya kafa Amazon a 1994, iyayensa kuma suka ba shi kusan dala 245,000. Wane uba ne a Ɗorayi ko Tudun Wada yake da wannan a ƙarƙashin katifa?

Ita ma WhatsApp ɗin da aka yi ta tura makalarka a cikinta, Jan Koum da Brian Acton ne suka gina ta daga 2009, bayan kowannensu ya yi kusan shekara goma yana aiki a Yahoo. Acton har aiki ya nema a Facebook a shekarar aka ƙi ɗaukarsa, bayan shekara biyar Facebook ɗin ya sayi kamfaninsu a kan dala biliyan 19. Eric Yuan ya shekara 14 a WebEx da Cisco yana jin ƙorafin masu taron bidiyo kafin ya kafa Zoom a 2011 yana da shekara 41. Kada a ce na tsinto misalan da suka yi mini daɗi ne kawai. Pierre Azoulay na MIT da abokan aikinsa sun bi bayanan hukumar ƙidayar Amurka a kan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfani, suka gano cewa a cikin kamfanonin da suka fi kowa saurin haɓaka, ɗaya cikin dubu, matsakaicin shekarun wanda ya kafa su 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin ya fi baƙo damar cin nasara nesa ba kusa ba. A Amurkar da kake kafa hujja da ita ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi a makalar shi ne kalaman raini ga mai aiki a ƙarƙashin wani, domin ba tarbiyyar kasuwancinmu ba ce. Mu da muka gaji fatauci mun san yadda ake yin ɗan kasuwa. Yaro yakan zauna a shagon ubangidansa shekara da shekaru, yana buɗewa yana rufewa, yana ɗaukar dila, yana ganin wanda ake ba bashi da wanda ake hanawa, yana koyon bambanta atamfa ta gaske da jabu ta hanyar taɓawa. Ranar da za a sallame shi, kuɗin da aka damƙa masa su ne mafi ƙanƙantar abin da ya fita da shi. Ya fita da sanin kaya, da abokan ciniki, da sunan ubangidansa wanda zai sa dillali ya ba shi kaya a kan amana. Babu wanda ya taɓa kiran wannan bauta a Kwari, sai dai in ubangidan ne azzalumi, wannan kuwa sai a canja ubangida. Interswitch shago ne, Yahoo shago ne. Kamfanin fasaha bai zo da wata sabuwar dokar duniya da ta soke koyo ba.

Yanzu sai dalolin da ka ce suna jira. Ina ganin a nan ne makalarka ta fi haɗari, saboda ka gabatar da tara jari kamar shi ne nasara. Kusan kowane kamfani da ka yaba, da adadin abin da ya tara ka yabe shi, ba ka faɗi ko sisin da ya samu riba ba. Ya kamata matasa su san yadda irin wannan kuɗi yake aiki. Masu zuba shi ba nasu ba ne, sun karɓo ne daga asusun fansho da baitulmalin jami'o'i da manyan attajirai, da alƙawarin mayarwa ninki-ninki cikin kimanin shekara goma. Sukan raba shi a kamfanoni da yawa, suna sane cewa mafi yawansu za su mutu, fatansu ɗaya ko biyu su yi girman da zai biya asarar sauran. Saboda haka kamfanin da ke kawo 'yar riba mai albarka kowane wata, yana ciyar da gida ashirin, ba shi da amfani a wurinsu. So suke ka ninka cikin watanni, ko ka kai ko ka fashe. In ka fashe, su suna da sauran kamfanoni a hannu. Kai kuwa guda ɗaya gare ka.

Kuma ba kyauta ba ce. Y Combinator, cibiyar rainon sababbin kamfanoni wadda Paystack ya shiga a 2016, a tsarinta na yanzu tana ba da dala 125,000 ta karɓi kashi 7 cikin ɗari na kamfanin, sannan ta ƙara dala 375,000 da za su koma hannun jari daga baya. Galibi sai an yi wa kamfanin rajista a waje, mafi yawa a jihar Delaware ta Amurka. Duk zagayen tara kuɗi da aka sake yi, rabon wanda ya kafa kamfanin raguwa yake yi, kuma yawancin yarjejeniyoyin sun tanadi cewa in aka sayar da kamfanin, mai jari ne zai fara cire nasa kafin kowa. Wanda ya gudu daga manaja ɗaya don ya zama mai gidan kansa sai ya tarar da kwamitin daraktoci da ke da ikon tsige shi daga kamfanin da ya haifa. Ban ce tsarin mugu ne ba, yana da wurinsa, ba don shi ba da wasu manyan ayyuka ba su tashi ba. Amma wanda zai shiga ya shiga da idonsa biyu.

Sannan kasuwar da kake siffantawa ta 2021 ce, ta riga ta watse. A lokacin kuɗin ruwa a Amurka ya kusa sifili, masu kuɗi suka bazama duniya neman inda za su zuba. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023, sai kuɗin suka fara komawa gida. Alƙaluman kamfanin zuba jari na Partech sun nuna jarin da sababbin kamfanonin fasaha na Afirka suka samu ya faɗo daga dala biliyan 6.5 a 2022 zuwa biliyan 3.5 a 2023. Ko manyan can ba su tsira ba: Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ya sallami 12,000 a Janairun 2023. A nan gida 54gene, wanda ya tara kusan dala miliyan 45 don binciken ƙwayoyin halitta, ya rufe a 2023. Dash na Ghana ya tara sama da dala miliyan 80, shi ma ya rufe a shekarar. Tun kafin nan mun ga yadda takarda ɗaya ta gwamnati ke rusa lissafi: Gokada da ORide na OPay sun zuba kuɗi a babura, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a watan Fabrairun 2020, sana'ar ɗaukar fasinja ta tsaya cak. Ɗan Kano da ya ga hana acaɓa a 2013 ba zai yi mamaki ba.

Ga kuma naira. Mai jari dala ya ba ka, dala yake son gani, kai kuwa naira kake karɓa a hannun abokan cinikinka. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da cinikinsa na shekara ya kai naira miliyan 460 a da, dala miliyan ɗaya ke nan a idon mai jari. Ko da ya yi ƙoƙari ya ninka cinikin nan sau biyu, a sabon farashi bai kai dala dubu ɗari bakwai ba. Wato ya yi aiki kamar jaki, a takardar mai jari kuma baya ya ci. Ga kuɗin rumbun intanet da manhajarsa ke zaune a kai, shi ma da dala ake biya.

Ka ce faɗuwa ba abin kunya ba ce. A Kalifoniya haka ne, inda kuɗin da suka ƙone na mai jari ne wanda ya riga ya sa asarar a lissafi, kuma wanda kamfaninsa ya mutu yau zai iya samun aiki a wani kamfani wata mai zuwa. Amma yaron da zai bi shawararka a Gusau ko Azare, ba mai jarin Amurka ne zai fara ba shi kuɗi ba. Kuɗin farko daga gida za su fito: gadon mahaifi, ko filin da uwa ta ajiye, ko kwasar adashin yaya. Sau da yawa shi ne ɗan fari da aka sayar da amfanin gona aka kai jami'a, ƙanne na bayansa suna jiran kuɗin makaranta. In abin ya rushe, ba darasi kaɗai ya rage ba, akwai bashi, akwai zumuncin da ya yi tsami, akwai digirin da aka bari a aji uku. Mai ba da shawara daga kan kujerarsa babu abin da zai rasa, kuma ban ga layi ɗaya a makalarka da ya tsaya a kan wannan ba.

Na san amsar da za ka ba ni, kuma amsa ce mai nauyi: ina aikin yake? Za ka ce jami'o'inmu har yanzu akwai inda ake koyar da rubuta manhaja a kan allo da alli, ɗalibi ya haddace ya zuba a takardar jarrabawa. Za ka tuna mini yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas. Za ka ce kamfanonin fasahar da ke ɗaukar ma'aikata a Yaba da Lekki da Abuja suke, ba a Kano ba, kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo tana cinye ƙananan ayyukan da ake fara ba sabon shiga. Duk na yarda. Amma duba abin da wannan ke nunawa. Andela, wanda aka kafa a 2014 don ya horar da sababbin masu rubuta manhaja ya haɗa su da kamfanonin waje, a watan Satumban 2019 ya sallami kimanin ƙananan injiniyoyi 400, ya ce abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. Kasuwa ta cika da masu ilimin wata uku, abin da ta rasa shi ne wanda ya shekara biyar ko bakwai yana riƙe da manhajar da dubban mutane ke amfani da ita. Shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, da cibiyoyi irin su CoLab ta Kaduna, suna buɗe ƙofa, Allah Ya saka musu. Amma ƙwarewa ba a aji ake samunta ba. Ana samunta ne ranar da wanda ya fi ka ya karanta abin da ka rubuta ya dawo maka da shi ya ce sake, da daren da manhaja ta faɗi ƙarfe biyu kuɗin mutane suka maƙale, kana tsaye kusa da wanda ya san inda zai duba. Wanda ya naɗa kansa shugaban kamfani yana da shekara 22, wa zai dawo masa da aikinsa? In aikin ya yi wuyar samu, sai a ƙara himmar nemansa, ko a Legas ne, ko daga gida ta intanet, ko a sashen kwamfuta na banki ko kamfanin waya ko asibiti, ko da albashin farko bai taka kara ya karya ba. Kakanninmu har Gwanja suka je neman goro.

Wanda kuma ya nema bai samu ba, ban ce ya naɗe hannu ba. Makarantu masu zaman kansu na fama da haɗa sakamakon jarrabawa, masu kemis ba su san maganin da ya kusa lalacewa a kan kanta ba, dillalan hatsi na rubuta bashin miliyoyi a littafin da ruwa zai iya jiƙawa. Ya je ya zauna da su, ya gina musu abin da za su biya, ko dubu hamsin ce. In mutum goma suka biya, ya san ya taɓo wani abu. Hanyar TeamApt ke nan, kuma ba ta bukatar a bar makaranta ko a ajiye aiki. Steve Wozniak ya ci gaba da zuwa aikinsa a Hewlett-Packard watanni bayan sun kafa Apple a 1976. Wani bincike da Joseph Raffiee da Jie Feng suka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu sun fi masu ajiyewa gaba ɗaya tsira, haɗarin rushewarsu ya yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sharaɗi ɗaya ne, kuma na amana ne: ya karanta takardar ɗaukarsa aiki ya ga abin da ta ce a kan mallakar abin da ya rubuta, kada ya yi nasa a lokacin ubangidansa ko a kan kwamfutar ofis, kada ya janye masa abokan ciniki ta bayan gida.

Akwai kuma abin da makalarka ta manta gaba ɗaya: ba kowa ne aka halitta don ya kafa kamfani ba, kuma wannan ba nakasa ba ce. Satya Nadella ya shiga Microsoft a 1992 a matsayin ma'aikaci, ya zama shugabansa a 2014. Sundar Pichai ya shiga Google a 2004, ya hau kujerar a 2015. Namu Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ma'aikacin General Motors ne lokacin da ya zana motar Chevrolet Volt. In kowa ya zama mai kamfani, wa zai yi aikin? Tambayi duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsayar da kamfanin fasaha a Kano ko Kaduna abin da ya fi ba shi wuya. Bayan wuta da kuɗin data, zai ce maka samun ƙwararren da zai damƙa wa aiki ya yi barci. Masu katin da aka buga wa "shugaba" sun yi yawa, ana haɗuwa da su a kowane taro da kowace gasar gabatar da dabara, wasu sun shekara uku suna yawo da allon bayani ɗaya daga otal zuwa otal, suna cin kyautar dubu ɗari biyar, ba su da abokin ciniki ko ɗaya. Irin makalarka ce ke ƙara yawansu.

In faɗa kake son yi, Malam, akwai waɗanda suka fi yaran nan cancanta. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoban 2022, zamanin Farfesa Pantami yana minista, ta yi tanadin rangwamen haraji da asusun tallafi, sai ka bincika mana jihohin Arewa nawa ne suka ɗauke ta da gaske. Ka tambayi gwamnatocin jihohinmu wa suke ba kwangilar manhajar albashi da ta tattara haraji da ta asibitoci, kuma in sun ba ɗan gida, wata nawa yake bin kuɗinsa. Ka tambayi alhazanmu masu tireloli ɗari da rumbuna a Dawanau me ya sa za su sayi fili na miliyan ɗari biyu ba tare da sun yi shawara da kowa ba, amma in yaro ya kawo musu manhajar da za ta nuna musu inda kowace mota take da man da ta sha, sai su ce ya yi musu kyauta tunda ɗan unguwa ne. TeamApt ya rayu shekara huɗu ba jarin waje saboda bankunan Legas sun ba shi aiki sun kuma biya. Ranar da kamfanonin Kano goma suka samu masu biya irin wannan, za su ɗauki yara ɗari biyu aiki, kuma a cikin ɗari biyun nan ne, bayan shekara bakwai ko takwas, wasu za su fita da sanin abin da ya lalace da sunan da za a ba su amana a kansa. Ina jiran makalarka ta gaba a kan alhazan.